Tambaya da Amsa: Malt Ɗina Ba Ya Auki

Wasiƙun da suka taru a kan teburina wannan watan kusan duk kukansu ɗaya: wajen haɗa abin sha na malt, wato sha'ir da aka tsirar aka busar, an zuba hatsi da yawa, an yini ana gadin tukunya, ruwan da ya fito kuma salam, ba zaƙi ba kauri. Na zaɓi shida daga ciki. Wasu na rage musu tsawo, amma ban taɓa lambobin kowa ba, don a wannan harka lambobin su ne maganar.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kai wata takwas ina haɗa abin sha na malt a gida, daga ƙwayar sha'ir ɗin kanta, ba daga garin gwangwani ba. Kullum kilo 5 nake jiƙawa, in tashi da lita 23 bayan tafasa. Tsarin da nake bi ya ce ma'aunin kauri zai nuna 1.049, ni kuwa ban taɓa wuce 1.037 ba. Na ƙara lokacin jiƙo daga awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, na sauya ruwa, har sabuwar kular jiƙo na saya, amma shiru kake ji. Malt ɗin a ɓarje nake sayensa. Abokina ya ce in ƙara kilo ɗaya in huta. Me ka gani? *Daga wani mai karatu*

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari mu fara da abokin naka, don shawararsa ma ba za ta kai ka gaci ba.

Kilo ɗaya na farin malt mai kyau, in aka tatse shi tas yadda ake yi a ɗakin gwaji, yana ba da maki wajen 300 a lita ɗaya. Maki su ne lambobin nan na ƙarshe a jikin ma'auni: 1.037 maki 37 ke nan. Kilo 5 ɗinka ya kama maki 1,500, a raba wa lita 23, kowace lita ta tashi da 65. Iyakar abin da ke cikin buhun ke nan, kuma babu mai samunsa duka a gida. Wanda ya rubuta tsarin da kake bi ya ɗauka za ka kwaso kashi 75 cikin ɗari, shi ya sa ya ce 1.049. Kai kuwa 37 cikin 65 kake samu, wato kashi 57. In ka ƙara kilo ɗaya a wannan hali, 1.045 za ka gani ko kusa da haka. Sai ka ƙara fiye da kilo ɗaya da rabi kafin ka kamo 1.049, kuma a kowace dahuwa haka za ka riƙa zubar da shi tare da dusa.

Kafin mu kama hatsi da laifi, sai ma'auni ya wanke kansa. Duk wanda ya zo min da wannan kukan abin da nake fara tambayarsa shi ne, da zafi ka auna ko da ya huce? Galibin ma'aunan kauri, waɗanda ake kira haidiromita, a kan digiri 20 aka saita su. Ruwa in ya yi zafi sakin jiki yake yi, sai ma'aunin ya nutse fiye da kima. A digiri 40 yakan cinye maka maki wajen 6, a digiri 60 kuwa wajen 15. Mutum zai ɗebi ruwa yana tururi, ya ga 1.035, ya dafe kai, alhali 1.050 ne a hannunsa. Ɗebi kofi guda, ka tsoma gindinsa a ruwan sanyi har ya huce, sannan ka auna. Ka juya tukunya sosai kafin ka ɗiba, don ruwan farko mai nauyi ƙasa yake kwanciya, na ɗauraya, wato wanda aka wanke hatsin da shi daga baya, ya zauna a samansa. Ka kuma jefa ma'aunin a tataccen ruwa mai digiri 20 ka ga ko zai tsaya a 1.000, don 'yar takardar da ke cikin gilashin takan zame.

Sai maganar lita. Kada ka yarda da zanen da ke jikin bokiti. Nemi abin awo na lita guda, kana zuba ruwa a tukunya kana yi wa muciyarka tsaga, ta zama sandar awonka. In lita 25 ce a tukunyar kana lissafi da 23, ka zaftare wa kanka kashi 8 a banza. Ruwa mai tafasa kuma yana raguwa da wajen kashi 4 cikin ɗari in ya huce, saboda haka awon da za ka yi lissafi da shi na bayan hucewa ne.

To, in duk wannan ya fita lafiya, ga inda nake sa ran ɓarawon yake. Ka faɗe shi da bakinka a jimla ɗaya ka wuce: a ɓarje kake saye.

Ɗebi cikin tafin hannu daga tsakiyar buhu, ka baza a farin faranti inda haske yake. Ɓarza mai kyau abu uku take nunawa. Ga ɓawo a buɗe kamar ƙaramin kwalekwale, bai dagargaje ba. Ga farin tsaki ƙanana, kowace ƙwaya ta rabu gida uku ko huɗu ko fiye. Ga ɗan gari da zai manne maka a yatsa. Yanzu tsince duk ƙwayar da ta yi kama da lafiyayya, ka murza ta tsakanin babban yatsa da manuni. Wadda ta wargaje ta fashe tun a inji, ɓawo ne kawai ya rufa mata asiri. Wadda ta tsaya ƙyam kamar tsakuwa ba ta san an yi niƙa ba. Ita wannan ko ka jiƙa ta awa uku abin da za ta ba ka bai taka kara ya karya ba, don ruwa bai kai ga cikinta ba, balle ya narkar da sitacin. Shi ya sa ƙarin rabin awar da ka yi bai motsa ma'auni ba. In ka tara irinta fiye da uku ko huɗu a tafin hannu guda, ni a wajena an gama shari'a.

Akwai gwaji na biyu, bayan tacewa. Ɗauki dusar da za ka zubar, ka nemo cikakkun ƙwayoyi ka matse. In farin abu mai danƙo ya fito kamar man goge baki, sitacinka ne da ka biya kuɗinsa. Sannan ka ɗanɗana dusar kanta. In da zaƙi a jikinta, sukari ya samu amma ba ka wanko shi ba, wannan kuma wata matsala ce daban da za mu zo kanta a wasiƙa ta biyar.

Ba na zargin masu sayar da ɓarzajjen malt da mugunta. Sukan buɗe inji ne don ɓarza mai gwari ba ta toshe matata, kuma wanda matatarsa ta toshe shi ke dawowa da faɗa. Wanda aukinsa ya ragu kuwa kansa yake zargi, kamar yadda ka yi wata takwas kana yi. Ka roƙi mai sayarwa ya bi da shi ta inji sau biyu. In ya ƙi, zuba kaɗan-kaɗan a jaka mai kauri ka bi ta kai da kwalba kana dannawa, aiki ne mai cin rai amma zai nuna maka gaskiya a dahuwa ɗaya.

Ga kuma awon da nake so kowa ya saba da shi, don shi ke raba gardama gida biyu. Ka jiƙa da lita 3 ga kowane kilo, wato lita 15 ga kilo 5 ɗinka. Bayan awa ɗaya, kafin ka ƙara ko ɗigon ruwa, ka juya, ka ɗebi ruwan farko, ka huce shi, ka auna. In sitaci ya juye sosai za ka ga tsakanin 1.080 da 1.085. In ka ga 1.060, ɓarnar a cikin kula ta faru: ɓarza ce, ko zafi, ko hatsin kansa. In ka ga 1.082 amma ka tashi da 1.037 a ƙarshe, to kyale inji, laifin na ɗauraya ne. Kuma don Allah abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowace dahuwa. Ka sauya ruwa da kula da lokaci a tare, ko da abin ya gyaru ba za ka san wa za ka gode wa ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji ana cewa niƙa mai laushi ta fi auki, sai na sayi inji mai rola biyu na matse shi har ƙarshe. Gaskiya ruwan farko ya yi kauri, amma da na buɗe famfo lita biyu kawai ta fito ya tsaya cak. Na hura, na jijjiga, daga ƙarshe da rariya na kwashe. Abin shan kuma ya fito da bauri mai kama harshe. Shin injin ne ba shi da kyau? *Daga wata mai karatu*

Amsa: Barka kadai, Malama. Injinki lafiyarsa ƙalau, ke ce kika gudu daga wuta kika faɗa kogi.

Ɓawon sha'ir ba shara ba ne a wannan aiki, shi ne matatar. Ramukan da ke gindin kula riƙe hatsi kawai suke yi, ainihin tacewa kuwa a tsakanin ɓawon da ya kwanta kan juna take faruwa, ruwa na bi ta ƙananan kafofi. Da kika matse rola har ƙarshe kin yanka ɓawon gutsi-gutsi, kin kuma yawaita gari. Gari ya sha ruwa ya cike kafofin, abin ya zama laka. Buɗe famfo gaba ɗaya ya ƙarasa aikin, don jan ruwan da ƙarfi danne hatsin yake yi kamar an taka shi.

Ratar da ake farawa da ita tsakanin rola biyu ita ce milimita 0.9 zuwa 1.1. Kada ki auna da ido. Ki nemi siraran ƙarafan nan da makanikai ke auna bakin fulogi da su, kowanne da kaurinsa a rubuce. In babu, katin banki kaurinsa milimita 0.76 ne: ya kamata ya wuce tsakanin rola a sake, da ɗan sarari. Ki fara da milimita 1, ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan a kowace dahuwa har ranar da kika ga ruwa ya fara nawa, sai ki koma baya taku ɗaya ki ɗaure a nan. Kowace kula da inda take tsayawa.

Ki auna ratar a gefe biyu, hagu da dama. Wannan da kuɗina na koye shi. Akwai shekarar da aukina ya riƙa hawa da sauka ba dalili, yau kashi 74, wani makon 63, hatsi ɗaya, ruwa ɗaya. Ranar da na kifa injin don in share shi na ga ƙusar gefe ɗaya ta kwance. Hagu na niƙa gari, dama kuwa ƙwaya na wucewa tana ɗaga min hannu. Da na dubi abin da ke cikin bokiti a dunƙule sai in ga kamar lafiya, ga gari ga ɓawo, ashe ɓarna biyu ce ta haɗu ta yi kama da daidai. Tun ranar ba na zuba hatsi sai na soka ƙarfen awo a kowane gefe.

In da diril kike juya injin, ki sassauta. Gudu mai yawa yaga ɓawo yake yi, ya tada ƙura. Juyi 200 a minti ko ƙasa da haka ya isa, yadda idonki zai iya bin juyawar. Alkama kuwa, in kina haɗawa da ita, ƙwayarta ta fi tauri kuma ba ta da ɓawo, saboda haka a niƙa ta daban da rata mafi matsi.

Dabarar da na fi so ita ce ɗan jiƙa ɓawo kafin niƙa. Ruwa kashi 2 cikin ɗari na nauyin hatsi, wato mililita 100 ga kilo 5. Ki zuba a kwalbar feshi, kina fesawa kina juyawa da hannu, sannan ki rufe bokiti minti 10 zuwa 15. Za ki ji hatsin ya daina ƙara a hannu, ya yi laushi kamar fata, amma bai jiƙe ba. Ɓawon ya sha ruwa ya zama mai lanƙwasa, cikin ƙwayar kuwa yana nan a bushe. In ya fito daga inji sai ki ga ya cika bokiti fiye da da, ɓawo kusan ɗungurungum. Da wannan za ki iya sauka zuwa milimita 0.8 ba tare da toshewa ba. Kada dai ki wuce kima da ruwan, in ba haka ba kullu zai liƙe a jikin rola, kuma a yi niƙar a ranar dahuwa.

In ya sake toshewa, rufe famfo, ƙara ruwan zafi, juya har ƙasa, jefa buntun shinkafa da aka wanke kamar tafi biyu ko uku, a bar shi minti goma ya kwanta, sannan a buɗe famfo kaɗan. Buntu ba ya ba da sukari ko ɗanɗano, kafofi kawai yake buɗewa. In kuma kin fi son niƙa mai laushi, koma wa jiƙo a cikin jakar tata. A nan yadin ne matata, kina iya sauka har milimita 0.6.

Baurin kuwa daga ɓawo yake fitowa, amma ba yankan ɓawon kaɗai ke jawo shi ba. Ya fi fita in ruwan ɗauraya ya wuce digiri 78 kuma tsamin jiƙon ya ragu har pH, wato ma'aunin tsami, ya haura 6, abin da kan faru in aka ci gaba da ɗauraya bayan sukari ya ƙare. Ina zargin a wajen fama da toshewar kin yi ta antaya tafasasshen ruwa.

Tambaya: Malam, ba ni da inji mai rola. Bilenda za ta yi? *Daga wani ɗalibi*

Amsa: Za ta yi in da jakar tata kake aiki, ɗana, kuma in ka yi haƙuri. Matsalar bilenda sara take yi, ba ta matsewa. Ƙwayar da ta faɗa bakin wuƙa ta zama gari, wadda ta kauce ta fita lafiya. Zuba kofi ɗaya kawai, ka latsa ka saki, ka latsa ka saki, ka girgiza, ka juye a faranti ka duba. Kilo 5 a haka zai ci maka yamma guda. Injin hannu mai faifai biyu ya fi ta, in ka sassauta faifan har ya zamana fasa ƙwayar yake yi. Shi ma yana yaga ɓawo, amma mutane da yawa sun daɗe suna aiki da shi. Da kula mai famfo kuwa, kada ka kusanci bilenda.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ɓarzata ta yi kyau, na duba kamar yadda ka taɓa bayani. Amma bayan awa ɗaya in na ɗiga aidin a kan ruwan jiƙo sai ya yi baƙi wuluk. Ina son launi mai duhu, don haka kilo 2 nake sawa na farin malt, kilo 1.5 na gasasshe da mai launin zuma, sai kilo 1.5 na tsakin masara don rage tsada. Ma'aunin zafina yana nuna 66. *Daga wani tsohon mai karatu*

Amsa: Tare da naka, Yallaɓai. Aidin ba ya ƙarya: in ya koma shuɗi mai duhu ko baƙi, akwai sauran sitaci. Sai dai a ɗiga shi kan ruwa zalla a farin faranti, ba tare da gutsuren hatsi ba, a kuma zubar da abin da aka gwada.

Laifi biyu na gani a haɗinka tun kafin mu je ga wuta. Abin da ke juya sitaci ya koma sukari sinadarai ne da ƙwaya ke samarwa sa'ad da take tsiro, ana ce musu inzayim. A cikin malt ɗin nan ma aka fara gano irinsu, a Faransa a 1833, lokacin da masana biyu, Payen da Persoz, suka ware abin da suka kira dayastes. Amfanin wannan tarihin a wajenka shi ne ka san ma'aikata ne masu mutuwa in wuta ta yi yawa. Farin malt an busar da shi a hankali don su tsira. Gasasshe da mai launin zuma kuwa wuta ta riga ta kashe nasu, launi da ƙamshi kawai suka kawo. Masara ba ta yi tsiro ba, ba ta da ko ɗaya. Ka ga ke nan kilo 2 ka ɗora wa aikin kilo 5. Ka bar farin malt ya kai kashi biyu cikin uku ko fiye. Launi ba ya bukatar yawa: giram 200 zuwa 300 na gasasshe sosai ya isa ya duhunta lita 23.

Na biyu, ɗanyar masara. Sitaci sai ya kumbura ya fashe a ruwan zafi kafin inzayim su iya cinsa. Na sha'ir yana yin haka a wajen digiri 60 zuwa 65, daidai da zafin jiƙo. Na masara da na shinkafa sun fi haka taurin kai, a 66 da yawansu na nan a ƙulle. Sai ka dafa tsakin masarar daban har ya yi laushi ya yi kauri, sannan ka haɗa.

Yanzu wuta. Manyan ma'aikatan biyu ne. Bita-amiles ya fi son digiri 60 zuwa 65, shi ke yanko sukarin maltos, kuma in aka haura 70 ba ya daɗewa. Alfa-amiles ya fi sakewa a wajen 70, shi ke sassara dogayen sitaci, yana mutuwa in aka doshi 80. Shi ya sa ake zama tsakanin 64 da 68, inda duka biyun za su iya aiki. Hatsi yana shanye zafi, don haka in lita 3 ce ga kilo, ruwanka ya kai wajen 72 kafin ka zuba, kuma ka ɗumama kular tukuna.

Ka ce ma'auninka na nuna 66. Nawa ma haka ya riƙa nunawa. Mai allura ne, na yarda da shi kamar ɗan'uwa, har dahuwa uku a jere aidin na baƙi ina zargin buhu. Da na tsoma shi a ruwan da ke tafasa sai na ga allura ta wuce 100 da nisa. Ashe duk lokacin nan a wajen 58 nake jiƙo, sitacin sha'ir ɗin ma bai gama buɗewa ba. Gwada naka a ruwan ƙanƙara, ya nuna 0, sannan a tafasasshe, ya nuna 100, ko ƙasa da haka kaɗan in a kan tudu kake, don kowace mita 300 ta tsawo na rage wajen digiri ɗaya. Ka kuma auna a wuri uku cikin kular bayan ka juya.

Juyawar ma ba wasa ba ce. Gudaji kan haɗu in aka juye hatsi gaba ɗaya, waje a jiƙe, ciki busasshen gari. Zuba a hankali kana juyawa, ka bi gefe da kusurwa kana farfasa su. In duk wannan ya daidaita aidin bai daina baƙi ba, sai ka auna pH minti 15 bayan jiƙo, a samfurin da ya huce. Ana son 5.2 zuwa 5.6.

Tambaya: Malam, ruwan farkona 1.083 yake nunawa, amma a ƙarshe kashi 62 nake samu. Ina buɗe famfo ne in riƙa zuba ruwan zafi ta sama da buta, minti goma na gama. *Daga wani mai karatu*

Amsa: Ɗan'uwa, sukarinka ya samu, a hanya yake zubewa. Ruwa malalaci ne, inda ya samu sauƙi nan yake bi. Da ka zuba da buta a wuri ɗaya ya haƙa wa kansa hanya, galibi ta jikin bangon kula, ya sulale ƙasa ya bar tsakiyar hatsin da zaƙinta. Irin wannan ɗaurayar ta yayyafi tana son minti 45 zuwa awa ɗaya, da ruwa kwance a saman hatsi koyaushe. In ba ka da wannan haƙurin, bar ta.

Yi ta zubi biyu. Kowane kilo yana riƙe wajen lita ɗaya, saboda haka lita 15 a kan kilo 5 za ta ba ka 10. In lita 27 kake so kafin tafasa, ƙara lita 3.5 a ƙarshen jiƙo, ka juya, ka tace, ka samu 13.5. Rufe famfo, zuba wata lita 13.5 mai digiri 75 zuwa 77, ka juya sosai kamar kana jin haushinsa, bar shi ya kwanta, mai da kofunan farko masu gurɓata sama, ka tace. Zubi biyu masu kusan yawa ɗaya sun fi wanko sukari. Sannan ka duba abin da kake bari a gindin tukunya da cikin tiyo. Lita 2 mai kaurin 1.049 maki kusan 100 ce, kashi 6 zuwa 7 na buhunka.

Da haka za ka shiga 70 da wani abu. Kada ka ce sai ka kamo kamfanoni masu wuce 90, su da injin niƙa mai rola shida ko mai guduma da matatar matsi suke aiki. Ni na fi son kashi 72 da zan samu kowane mako a kan 82 na yau da 65 na gobe, don da na farkon ne kawai zan san kilo nawa zan auna.

Tambaya: Malam, na gyara ɓarza na samu 1.050, na gode. Na tafasa, na ɗura a kwalabe da zafinsa, na ajiye a kabad. Kwana huɗu murafu suka kumbura, ɗaya ta fashe. *Daga wata mai karatu*

Amsa: Malama, zubar da su duka, kada ki ɗanɗana ko ɗaya, har waɗanda ba su kumbura ba. Ki lulluɓe kowace da tsumma kafin ki buɗe.

Ruwan da kika sha wahalar tatsowa abinci ne ga ƙwayoyin cuta kamar yadda yake gare ki. Tsaminsa kaɗan ne, pH ɗinsa ya haura 4.6, kuma a irin wannan ruwan tafasa kaɗai ba ta kashe ƙwayayen da ke jawo gubar botulizim. Su kuwa kwalba rufaffiya marar iska a ɗaki mai ɗumi ita ce wurin da suke so, kuma gubar ba lallai ta yi wari ba. Wanda ake sayarwa a kwalba an bi da shi ta matakan kamfani da tukunyar gida ba ta yi. In kin sauke, ki huce shi da sauri, tukunyar a cikin baho mai ƙanƙara, ki sa a firij ƙasa da digiri 5, a shanye cikin kwana biyu ko uku. Sauran ki daskarar a robobi, ki bar ɗan sarari a sama don ƙanƙara na kumbura. Ajiya a kabad sai da tukunyar matsi ta gwangwanta abinci wadda ke kai digiri 121, a kuma bi lokacin da littafinta ya faɗa.